Dangin kabeji da mustad: don me masana suka fi mayar da hankali kan 'yar ciyawar da ba a ci?

Malam Auwalu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, ina so masana cikinmu su warware min. Dangin tsirran da masana ke kira Brassicaceae yana da jinsuna fiye da 3,700. A cikinsu akwai kabeji, farin kabeji, burokoli, radish, mustad, lafsur, da kanola da ake matse mai daga irinta. Dukkansu abin amfani ne ga ɗan Adam. Amma idan ka duba inda bincike ya fi yawa a wannan dangi, sai ka tarar ba kan ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Kan wata 'yar ciyawa ce mai suna Arabidopsis thaliana, wadda da ƙyar tsawonta ke wuce taƙi guda, ba a cinta, ba a sayar da ita. Ita ce shuka ta farko a duniya da aka kammala karanta kundin gadonta, wato dukkan bayanan halittar da take gadar wa 'ya'yanta, a shekarar 2000, kafin shinkafa, kafin masara, kafin alkama. Shin wannan ba ɓata kuɗi da lokaci ba ne, alhali ga amfanin gona da cututtuka ke cinyewa?

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Malam Auwalu ka riga ni a baki. Ina nan ina sauraro.

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Auwalu, tambayarka tana kan hanya, kuma su kansu masana sun yi wa juna ita shekaru da dama. Dalilin zaɓen wannan ciyawa shi ne sauƙin aiki da ita. Daga shuka iri zuwa girbe sabon iri makonni shida ne zuwa takwas. Kabeji kuwa sai ya shiga shekara ta biyu kafin ya yi fure ya ba da iri. Tushe ɗaya na Arabidopsis yana ba da dubban iri, yana yi wa kansa barbara ba ya jiran ƙudan zuma, kuma ɗaki ɗaya zai ɗauki dubbansu. Kuromosom ɗinta, wato zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, biyar ne kacal, haruffan kundin gadonta kimanin miliyan 135. Na alkama ya ninka wannan fiye da sau ɗari.

Wani Bajamushe, Friedrich Laibach, shi ya ƙirga kuromosom ɗinta tun 1907, a 1943 kuma ya ba da shawarar a mayar da ita abin gwaji. Ba a kama shawarar hannu bibbiyu ba sai wajen shekarun 1980. A 1998 aka fito da wata dabara da ta ƙara mata kasuwa: a tsoma furanninta cikin ruwan da ke ɗauke da wata bakteriya, shi ke nan sabuwar ƙwayar gado ta shiga wasu daga cikin irin da za ta haifa. Aikin da kan ci watanni a wasu tsirrai, a nan ɗalibi zai yi tsomawar da rana ɗaya.

Mai son fahimtar yadda fure ke samuwa, ko yadda saiwa ke gane ƙasa da sama, gwaji goma a shekara ya fi masa gwaji ɗaya.

Alhaji Garba:
Na ji, 'yata. Sauƙi ne ga mai bincike. To mai gona fa? A nuna min abu ɗaya da ya fito daga ɗakin gwajin nan ya isa hannun manomi.

Dakta Rabi:
Baba Alhaji, ga guda biyu.

Na farko, fashewar kwanso. Manomin kanola yana asara saboda kwanson irin yana tsagewa da kansa idan ya bushe, iri ya zube ƙasa kafin injin girbi ya iso. Arabidopsis ma haka kwansonta yake, domin 'yan gida ɗaya ne. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka gano ƙwayoyin gadon da ke gina layin da kwanson ke tsagewa ta kansa. Da aka san su a ciyawar, sai aka nemo takwarorinsu a kanola, kuma yau akwai irin kanola a hannun manoma da kwansonsa ba ya saurin fashewa.

Na biyu, batun fure. Kabeji ba ya fure sai ya sha sanyi na tsawon makonni. A Arabidopsis aka gano dalili: akwai ƙwayar gado mai suna FLC da ke danne fure, sanyi mai tsawo ne ke kashe ta a hankali, shukar kuma ta riƙe wannan hali ko bayan sanyin ya wuce. An bayyana ta a 1999, kuma Caroline Dean ta cibiyar John Innes a Ingila ta shafe shekaru tana tona yadda abin ke gudana. Wannan ne ya sa a ƙasashe masu zafi kabeji ke naɗe kai lafiya lau amma ba ya ba da iri, dole a sayo irin daga wuri mai sanyi. Masu kyautata iri suna duba wannan ƙwayar gado idan suna son burokoli ko kanola da za ta yi fure a lokacin da suke so.

Malam Isyaku:
Dakta, Allah ya ƙara basira, amma ni ban gamsu ba, kuma zan faɗi dalili. Manyan nasarorin da aka samu a wannan dangi an same su ne tun ba wanda ya damu da ciyawar nan.

A ɗauki kanola kanta. Man irin Brassica napus, shukar da kanola ta fito daga cikinta, a da yana cike da sinadarin erusik asid, dusarsa kuma tana da ɗacin da dabbobi ba sa so. Baldur Stefansson da Keith Downey a Kanada, da barbara da zaɓe irin na gargajiya, suka rage duka biyun. A 1974 aka fitar da irin farko mai ƙarancinsu, daga baya aka sa masa suna kanola, aka kafa sharaɗin cewa erusik asid kada ya kai kashi 2 cikin ɗari na man. Yau yana cikin manyan man girki uku na duniya, bayan manja da man waken soya. Wace rawa Arabidopsis ta taka a nan? Babu.

A ɗauki irin haɗi da ake sayarwa na kabeji da kanola. Kaso mai yawa ya dogara ne da wani hali da wani masani mai suna Ogura ya gano a radish ɗin Japan a 1968, inda shuka ba ta fitar da garin fure mai rai, dole ta karɓi na wata. Masana a Faransa suka ɗauko halin suka shigar da shi Brassica, wato rukunin su kabeji da kanola. Nan ma babu hannun ciyawar.

Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba. Mafi yawan tsirran duniya suna ƙawance da wasu fungai a saiwarsu, su taimaka musu jawo fosfaras daga ƙasa. Dangin kabeji, har da Arabidopsis, ba sa yin wannan ƙawance. Ba ta yin ƙulli a saiwa irin na wake da gyaɗa da ke kamo naitirojin. Ba ta da tsarin sarrafa hasken rana irin na masara da dawa da gero. Ba ta yin doya a ƙasa, ba ta zama itace. An ɗauki shukar da ta saɓa wa yawancin tsirrai a muhimman abubuwa an ce ita ce wakiliyarsu.

Nafisa:
Malam Isyaku, to masu binciken wake da masara yaya suka yi?

Malam Isyaku:
Dole ta sa suka nemi nasu abin gwajin, Nafisa. Masu wake suka koma kan Medicago da Lotus, wasu ƙananan tsirrai 'yan dangin wake, masu hatsi suka riƙe shinkafa da masara. Abin da nake cewa kenan.

Dakta Rabi:
Malam, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ban ja da ko ɗaya ba. Inda muka rabu shi ne hukuncin da ka yanke a kai. Stefansson da Downey sun rage erusik asid ba tare da sanin wace ƙwayar gado ce ke haɗa shi ba, sai da suka auna iri bayan iri har suka dace. Ƙwayar gadon, FAE1, a Arabidopsis aka fara ware ta a 1995. Yanzu mai son rage wannan sinadari a wata shuka ta dangin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ba sai ya yi lalube shekara da shekaru ba. Kuma su masu binciken wake da ka ambata, kayan aikin da suka tafi da su, da sanin yadda sinadaran girma irin su oksin da etilin ke aiki, ina aka ƙera yawancinsu? Ƙwayar gadon da shuka ke jin etilin da ita, sinadarin da ke nunar da ayaba da tumatir, a ciyawar nan aka gano ta a 1993.

Nafisa:
Dakta, don Allah a ɗan koma baya. An ce mana kabeji da burokoli da farin kabeji jinsi ɗaya ne, ni kuwa idona ya kasa yarda. Sannan ina kanola ta fito?

Dakta Rabi:
Jinsi ɗaya ne, ƙanwata, Brassica oleracea. Manoma ne cikin ɗaruruwan shekaru kowa ya zaɓi sashen da yake so. Wanda ya zaɓi tohon ƙoli ya samu kabeji mai naɗe kai. Wanda ya zaɓi ganye ya samu kel. Wanda ya zaɓi kara mai kumbura ya samu kolrabi, wanda ya zaɓi kan fure ya samu burokoli da farin kabeji. Idan kin haɗa su barbara za su haihu, 'ya'yan ma su haihu. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa ɗan'uwansu na daji mafi kusa shi ne Brassica cretica na gabashin Bahar Rum.

Farin kabeji ma akwai labari. A 1995 an nuna cewa idan ƙwayoyin gado biyu suka lalace a Arabidopsis, maimakon fure sai ta fitar da ɗan curi mai kama da farin kabeji sak. Da aka duba farin kabejin gona sai aka tarar takwarar ɗaya daga cikin biyun a lalace take. Wato abin da muke gani fari a dunƙule yunƙurin fure ne da ya kasa kammaluwa, yana ta maimaita kansa.

Ita kuwa kanola, amsarta tana wurin wani masani ɗan asalin Koriya da ya yi aiki a Japan, Woo Jang-choon. A 1935 ya nuna cewa jinsunan Brassica shida na gona suna da alaƙa mai kusurwa uku. Iyaye uku ne: rapa mai kuromosom 10, nigra mai 8, oleracea mai 9. Kowane biyu sun haɗu sun haifi sabon jinsi da ya riƙe kuromosom ɗin iyayen duka. Rapa da oleracea suka ba da napus mai 19, ita ce kanola. Rapa da nigra suka ba da juncea mai 18, mustad ɗin da ake nomawa sosai a Indiya. Nigra da oleracea suka ba da carinata mai 17, mustad ɗin Habasha. Ki haɗa lissafin ki gani. Da aka zo ana karanta kundin gado bayan shekaru kusan tamanin, aka tarar maganarsa daidai take.

Malam Isyaku:
Kuma da madubin ƙara girma da barbara da hannu ya yi wannan aiki, a riƙa tunawa. Kafinsa ma, a shekarun 1920, Karpechenko a Rasha ya haɗa radish da kabeji, da fatan samun saiwar radish da ganyen kabeji. Shukar ta rayu ta haihu, sai dai ta zo da ganyen radish da saiwar kabeji. Manomi bai amfana ba, amma ta tabbatar da cewa sabon jinsi yana iya samuwa ta ninka kuromosom. An kashe bawan Allahn nan a 1941 a zamanin Stalin, lokacin da ake farautar masana ilimin gado. Duk sanda na tuna sai raina ya sosu.

Hajiya Maryam:
Ku gafarce ni zan ɗan karkatar da zancen. Ana ta yaɗa saƙo a waya cewa burokoli yana maganin ciwon daji, wai masana a Amurka sun tabbatar. Tunda ga masu ilimin abin, gaskiya ne?

Likita Sadiq:
Hajiya, gara da kika tambaya. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari mai haɗari. A 1992 Paul Talalay da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka ware wani sinadari daga burokoli mai suna salforafen, suka nuna yana zaburar da inzayim, wato sinadaran jiki masu gudanar da aiki, waɗanda ke kawar da guba. A 1997 suka nuna tsiron burokoli na 'yan kwanaki ya fi babban ɗauke da tushen sinadarin nesa ba kusa ba. A gwajin ɓeraye da na ƙwayoyin halitta a kwalba an ga yana rage samuwar ƙari. Wannan duk gaskiya ne.

Amma rage haɗarin kamuwa daban, warkar da wanda ya kamu daban. Kuma ɓera daban, mutum daban. Babu gwajin da ya nuna cin burokoli ko kabeji yana warkar da ciwon daji a jikin mutum. Cin ganyayyaki yana da amfani ga lafiya, wannan ba gardama. Abin da nake roƙo shi ne kada mai ciwo ya ajiye maganin asibiti saboda saƙon waya. Jinkirin wata uku ko huɗu yana iya mayar da ciwon da ake iya magancewa ya zama wanda ya fi ƙarfin magani.

Hajiya Maryam:
Na gode Likita, Allah ya saka da alheri. Zan tura wa waɗanda suka turo min.

Dakta Rabi:
In ƙara a kan na Likita: shukar ba don mu ta haɗa wannan sinadari ba, makami ne. Tana ajiye wasu sinadarai masu suna gulukosinolet a wuri guda, ta ajiye inzayim mai suna mairosines a wani wurin. Muddin ganye lafiya yake ba sa haɗuwa. Da ƙwaro ya gatsa, sai su gauraya, nan take man mustad mai yaji ya fito. Shi ne yajin mustad da radish da lafsur. Zogale da 'ya'yan gwanda ma suna da irin wannan makami, domin danginsu da na kabeji a babban rukuni ɗaya suke.

Alhaji Garba:
To 'yata, in makami ne, don me tsutsa ke mayar da ganyen kabeji kamar rariya? Duk mai noman kabeji ya san ƙaramar koriyar tsutsar nan. A yi feshi yau, jibi tana nan.

Dakta Rabi:
Baba, ka taɓo babban abokin gaba. Sunanta Plutella xylostella, kuma kusan duk inda ake noman kabeji a duniya tana nan. A 2002 masu bincike a Jamus suka gano sirrinta: tana da wani inzayim a hanjinta da ke lalata gulukosinolet kafin ya haɗu da abokinsa, don haka man yajin ba ya fitowa. Ƙari a kan haka, ƙamshin da ke korar wasu ƙwari shi ne ke nuna wa uwar inda za ta sa ƙwai. Farin malam-buɗe-littafin kabeji shi kuma wata dabarar ya ɓullo da ita, yana karkatar da haɗin ya koma sinadari marar ƙarfi.

Batun feshi kuwa, ba idonka ba ne ke yaudararka. Tun 1953 aka ba da rahoton ta daina jin maganin ƙwari na DDT a tsibirin Jaba na Indonesiya. Ita ce kuma ƙwaro na farko da aka tabbatar ya daina jin maganin Bt, wanda ake samu daga wata bakteriya, a gona, a Hawai, wajen 1990. Tana hayayyafa da sauri, a wuri mai zafi zuriya bayan zuriya cikin shekara guda, don haka duk 'yan kaɗan ɗin da suka tsira daga feshi su ne iyayen na gaba. Shawarar masana ita ce kada a nace wa magani mai aiki iri ɗaya, a riƙa sauyawa, a bar gona ta huta daga dangin kabeji tsakanin noma da noma, kuma a guji maganin da ke kashe ƙananan zanzaron da ke sa ƙwai a jikin tsutsar, domin su ne ke rage ta kyauta.

Alhaji Garba:
Yawwa. Irin wannan bayani nake nema tun ɗazu. Allah ya yi albarka.

Malam Auwalu:
Na ƙaru ƙwarai. Amma Dakta, ki lura, abin da ya gamsar da Alhaji bincike ne da aka yi kan tsutsa da gona kai tsaye. Wannan bai ƙarfafa maganar Malam Isyaku ba?

Dakta Rabi:
Ya ƙarfafa rabinta, Malam. Ɗaya rabin kuma, kusan dukkan matakan da shuka ke bi ta haɗa gulukosinolet a Arabidopsis aka jera su ɗaya bayan ɗaya. Mai son fitar da kabejin da tsutsa ba za ta so ba, ko kanolar da irinta ba shi da ɗaci amma ganyenta na da makami, da wannan taswira zai yi aiki. A 2012 masana a Denmak suka gano sunadaran da ke jigilar sinadarin daga ganye zuwa iri, a ciyawar dai, kuma bayan 'yan shekaru aka gwada toshe su a mustad, ɗacin irin ya ragu sosai. Ni abin da nake ƙi shi ne a ce a zaɓi ɗaya a watsar da ɗaya.

Malam Isyaku:
Ni ma ban ce a watsar ba, Dakta. Cewa na yi rabon kuɗi da ƙwararru bai yi adalci ba, kuma har yanzu ina kan bakana. Arabidopsis ta je sararin samaniya, ta yi fure ta ba da iri a tashar Salyut 7 ta Tarayyar Sobiyet tun 1982. A 2022 an shuka ta a ƙasar da 'yan sama jannatin Apollo suka ɗebo daga duniyar wata. An karanta kundin gadon ire-irenta fiye da dubu da aka tattaro daga ƙasashe daban-daban, aka wallafa a 2016. Madalla. To a duba jinsuna shidan da kika lissafa wa Nafisa. Na rapa an wallafa shi a 2011, na oleracea da napus a 2014, na juncea a 2016. Wanda ya zo ƙarshe, sai 2021, shi ne carinata na Habasha, alhali an san shi da jure fari da zafi da wasu cututtukan da ke kayar da kanola. Sai da aka fara sha'awar mansa don haɗa man jirgin sama sannan idanu suka dawo kansa. Ga ciwon kumburin saiwa da masanin Rasha Woronin ya gano musabbabinsa tun 1878, ƙwayarsa tana zama a ƙasa fiye da shekara goma, kuma juriyar da ake saka wa sabon iri tana karyewa cikin 'yan shekaru. Ga baƙin ruɓa da ke bin iri yana cin kabeji a wurare masu zafi da laima. Waɗannan su ya kamata a zuba wa ƙwararru da kuɗi fiye da yadda ake yi.

Nafisa:
Dakta, Malam, ni da zan zaɓi abin da zan yi binciken digiri na biyu a kai a wannan dangi, ina zan dosa?

Dakta Rabi:
A nan kam ina bayan Malam Isyaku, Nafisa. Ki ɗauki amfanin gona, carinata ko kabeji, ki ɗauki matsala ɗaya tak, misali baƙin ruɓa ko jure zafi lokacin fure. Ki tara ire-ire daban-daban gwargwadon abin da za ki iya kula da shi, ki shuka su wuri ɗaya a jere da maimaici, ki auna da kyau. Idan kin ga waɗanda suka yi fice, sai ki buɗe rumbun bayanan Arabidopsis a intanet ki duba ƙwayoyin gadon da aka riga aka danganta da wannan hali, ki nemi takwarorinsu a shukarki. Ki sani dai kundin gadon Brassica ya ninka sau uku a tarihinsa, don haka ƙwaya ɗaya a ciyawar tana iya zama biyu ko uku a kabeji, ta kai har shida a carinata. Ki tanadi lokacin tantance wacce ce ke aiki a cikinsu tun kina rubuta tsarin binciken.